Tama, Tsatsa da Laka: Aikin Ƙananan Halittu Cikin Tarihin Ƙasar Kabi



Duk wanda ya taɓa bin hanyar mota daga Jega ya yi kudu zuwa Maiyama, ko ya ratse ya shiga ƙauyuka irin su Liba, ya ga ƙasa iri biyu ko da bai kula ba. A kan tudu ƙasa ja ce, da tsakuwa mai launin hanta, wani wurin ma marmara ce shimfiɗe wadda garma ba ta kama ta. Da an gangara fadama kuwa sai launi ya sake. Laka ce mai ruwan toka, ko baƙa, in kuma an tona ta da fartanya sai a tarar da ɗigo-ɗigon ja da rawaya a cikinta kamar an yayyafa mata manja. Abin da ya ba tudu jansa shi ne ya ba fadama tokarta, watau ƙarfe. Ƙarfen ɗaya ne, halinsa ne ya bambanta. Maganata a yau a kan masu juya masa hali ce, da yadda aikinsu ya shiga cikin tarihin mutanen wannan ƙasa tun ba a san da su ba.

Da farko sai mun gyara suna. Tun da aikin asibiti ya zo mana muka saba kiran duk wata halitta da ido ba ya gani ƙwayar cuta. A ganina sunan nan zalunci ne, domin masu sa ciwo kaɗan ne ƙwarai a cikinsu. Mafi yawansu ba ruwansu da jikin mutum, zamansu cikin ƙasa ne da ruwa da taɓo, har ma cikin cokalin shayi ɗaya na ƙasar gona mai kyau ana samun ɗaruruwan miliyoyinsu. Saboda haka zan riƙa ce musu ƙananan halittu, inda ya kamata in ware jinsin da masana ke kira bakteriya kuma sai in faɗi haka. Abu ɗaya nake so ku riƙe game da su. Mu iska muke shaƙa don jikinmu ya ƙone abincin da muka ci, in ta yanke mun mutu. Waɗansu daga cikin halittun nan kuwa, in iska ta ƙare musu sai su koma numfashi da tsatsar ƙarfe, ko da gishirin farar wuta da ke narke cikin ruwa, wanda ake kira salfet. Waɗansu kuma ƙarfen da ya narke cikin ruwa shi ne abincinsu. Daga wannan ci da numfashi ne ma'adinai ke narkewa a wani wuri, su je su daskare a wani.

To, bari mu koma baya ƙwarai. Ƙasar da muke zaune a kanta tana gefen kudu na wani babban kwari da masana duwatsu ke kira Kwarin Sakkwato, shi kuma ɓangare ne na wanda ya fi shi girma, Kwarin Iullemmeden, wanda ya miƙa cikin Nijar har zuwa Mali. Wajen shekara miliyan 70 da suka wuce teku ta malalo daga arewa, ta bi ta inda hamadar Sahara take a yau, ta rufe wannan kwari. Ta janye, ta sāke dawowa wajen shekara miliyan 60 da suka wuce, sa'an nan ta tafi ba ta ƙara komowa ba. Kowane zuwa da kowace janyewa sun bar shimfiɗar yashi ko yumɓu ko farin dutse, wata bisa wata. J. D. Falconer ya fara bayyana su cikin littafinsa na 1911 a kan duwatsun Nijeriya ta Arewa, Brynmor Jones ya zurfafa aikin a rahotonsa na 1948 a kan Lardin Sakkwato, Farfesa C. A. Kogbe kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya cikin shekarun 1970 sa'ad da yake Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Abin da ke ba ni sha'awa shi ne sunayen da aka raɗa wa shimfiɗun nan: Gundumi, Illo, Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina, Gamba, Gwandu. Ɗalibin ilmin duwatsu a Landan ko Faris, in zai yi maganar tsohuwar tekun Sahara, tilas bakinsa ya ambaci Wurno da Gwandu. Har wata ƙatuwar dabbar teku da aka tono ƙasusuwanta cikin shimfiɗar Dukamaje, sunan Goronyo aka sa mata, ana ce mata Goronyosaurus.

Farin dutsen Kalambaina, wanda aka kafa kamfanin siminti na Sakkwato a kansa a 1962, ya fara aiki a 1967, ragowar halittun tekun nan ne. Akwai ƙwanson dodon koɗi da makamantansa waɗanda ido ke gani, akwai kuma ɓawon waɗansu halittu masu ƙwaya ɗaya tak, kowannensu bai fi tsabar yashi ba, waɗanda suka zuba a ƙarƙashin ruwa shekara bisa shekara. Wanda ya sayi buhun siminti a kasuwar Jega ya yi ɗaki, da gidajen matattun halittun teku ya yi shi.

Amma shimfiɗar Dange ta fi dacewa da maganarmu. Yumɓu ce mai ruwan toka, a cikinta kuma akwai 'yan dunƙule-dunƙule masu tauri na ma'adinin fosfet, watau abin nan da ake sarrafawa a yi takin zamani irin wanda manoma ke kira supa. Tambaya a nan ita ce yaya aka yi ya taru. Ruwan teku fosfet ɗin da ke cikinsa ɗan kaɗan ne, ba zai daskare ya zama dutse don kansa ba. Sai an sami wanda zai tattaro shi wuri ɗaya. Kifi da kada su mutu, gawarsu da kashinsu su nutse cikin taɓo, bakteriya su far musu, su cinye nama su saki fosfet ɗin da ke ciki, ya cika 'yan kofofin taɓon har ya kai matsayin da zai haɗu da alli ya daskare. Da yawa daga cikin dunƙulen Dange, in an duba siffarsu, kashin dabbobin ruwa ne da ya zama dutse. Mun sami ƙarin haske a kan wannan daga wani wuri mai nisa. A 1997 wata masaniya Bajamushiya, Heide Schulz, ta gano cikin taɓon tekun Namibiya wata bakteriya mai girman da har ido na iya ganinta, a 2005 kuma aka nuna cewa tana tara fosfet cikin jikinta, in iska ta yanke ta amayar da shi gaba ɗaya, ma'adinin ya daskare a kewayenta. Abin da ke gudana a Namibiya a yau yana nuna mana irin abin da ya gudana a Dange, da kuma wajen Tawa a Nijar, inda ake samun fosfet na wannan kwari ɗaya.

Bayan teku ta tafi, koguna da tafkuna suka shimfiɗa yashi da yumɓun da ake kira shimfiɗar Gwandu. Ita ce ta rufe yammacin kwarin, daga Gwandu zuwa Birnin Kebbi da Argungu. Kun san tsaunukan nan masu shimfiɗaɗɗen kai kamar faifai, waɗanda ake hangowa daga hanya. Hular da ke kansu marmara ce, ita ce ta hana ruwan sama ya cinye su. Wani likita ɗan Sikotlan mai suna Francis Buchanan ya ga irinta a kudancin Indiya, ya ga mutane na yankanta tana da taushi su bar ta ta bushe ta yi tauri su yi gini, sai ya raɗa mata suna a 1807 daga kalmar Latin mai ma'anar tubali. Mu kuwa tun kafin Buchanan muna da sunanmu.

Yaya marmara ke samuwa? Tana bukatar zafi, da damina mai ruwa, da rani mai bushewa, da kuma lokaci mai tsawon gaske. Da damina, in ruwa ya cika ƙasa ya kori iska, bakteriya masu numfashi da tsatsa sai su narkar da ƙarfen da ke manne jikin yashi, ruwa ya kwashe shi ya gangara da shi. Inda ruwan ya haɗu da iska, ko da rani in ya ja baya, sai ƙarfen ya koma tsatsa ya daskare, a nan ma akwai waɗansu bakteriya da ke gaggauta daskarewar don su ci moriyarta. A yi haka sau dubu bisa dubu, ƙarfen da ke warwatse cikin ƙasa mai faɗi sai ya tattaru a shimfiɗa ɗaya. In zaizaya ta yaye ƙasar da ke bisa, rana ta buge shi, ya zama dutse. Wani abin mamaki da ke biyo bayan wannan shi ne, da yawa daga cikin tsaunuka masu hular marmara a Afirka ta Yamma, asalinsu kwari ne inda ƙarfe ya taru. Hular ta tsare su, ƙasar da ke kewaye ta zaizaye, kwari ya wayi gari shi ne tudu. A Barazil, inda ake da irin wannan ɓawon ƙarfe bisa manyan ma'adinai, bincike na shekarun 2010 ya nuna cewa ƙananan halittu suna narkar da shi suna sāke liƙe shi, shi ya sa in ya tsage yake haɗewa.

A nan dole in ja wa kaina linzami. Ba kowane ma'adini ne aikin ƙananan halittu ba. Gishirin kwarin Foga, wanda Heinrich Barth ya ga ana dafawa a 1853 bayan ya baro Gwandu ya yi yamma, rana ce ke jawo shi sama ta busar da shi. Haka nan akwai wata irin tama a wannan kwari mai 'yan ƙwayoyi zagayayyu kamar ƙwan kifi, wadda masana suka rabu biyu a kanta: waɗansu na ganin kaɗawar ruwa ce ta mulmula ta, waɗansu na ganin yauƙin bakteriya ne ya riƙa kama ƙarfe yana naɗawa. Mai son abu yakan gan shi ko'ina, masana ma ba su tsira daga wannan ba.

Yanzu mu shigo zamanin mutane. Ba don ƙarfe ya tattaru haka ba, da maƙeri bai sami abin narkawa ba. A Taruga, cikin yankin al'adun Nok, an tono murahun narka tama da suka girmi shekara 2,000. A gindin Dutsen Dala an sami shaidar wannan sana'a tun wajen ƙarni na 7, labarin baka na Kano kuma ya ce maƙera ne daga Gaya suka zo neman tama suka zauna. A ƙasar Adar, wadda duwatsunta 'yan uwan na Gwandu ne, wata masaniya Bafaranshiya, Nicole Echard, ta tarar da tsofaffin da suka san aikin cikin shekarun 1960, ta rubuta yadda suke yi. A tono tama, a farfasa, a zaɓi mai nauyi, a jera ta da gawayi cikin murhun yumɓu, gawayin ƙirya ya fi, a hura wuta har zafinta ya haura digiri 1,000. Gawayi ya zare iskar da ke ɗaure da ƙarfen, datti ya narke ya zama kashin maƙera, a fasa murhu a ciro curin baƙin ƙarfe. Ku lura da abin da ya faru. Zare iska daga jikin tsatsa shi ne aikin da bakteriyar fadama ke farawa cikin sanyi ba tare da wuta ba, sai dai ita a rabin hanya take tsayawa, ta bar ƙarfen narke cikin ruwa. Maƙeri shi ke kai aikin ƙarshe.

Daga curin nan aka ƙera fartanya da garma da lauje, aka ƙera mashi da takobi da linzami. Daular da Muhammadu Kanta ya kafa a farkon ƙarni na 16, wadda ta tsaya wa Sanwai ta tsaya wa Barno, da wannan ƙarfe ta yi noma ta yi yaƙi, ganuwar birninsa Surame kuma da duwatsun wurin aka gina ta, har yau tana nan ana zuwa kallo. Jega, wadda Buhari ɗan Abdussalami ya kafa wajen 1820 a bakin gulbin Zamfara, ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin yammacin Daular Usmaniyya kafin ƙarshen ƙarnin, kasuwa kuwa ba ta cika sai da abinci, abinci ba ya samuwa sai da fartanya. Abin da ya kashe narkar tama ba ƙarewar tama ba ce. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ƙarfen Turai da tarkacen mota suka cika kasuwa da araha. Maƙeri ya ci gaba da ƙira, amma ya daina zuwa tsauni. Cikin tsara biyu ilmin zaɓen tama ya kusa ɓacewa, abin da ya rage sai tsibin kashin maƙera a bayan tsofaffin garuruwa, wanda yara ke wasa a kai.

Sa'ad da duk wannan ke gudana ba wanda ya san da ƙananan halittu, a nan ko a Turai. Wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, shi ya fara ganinsu cikin shekarun 1670 da madubin da ya goge da hannunsa. A 1836 Christian Ehrenberg ya duba jan yauƙin da ke taruwa a bakin maɓuɓɓuga, ya ga wata halitta mai murɗaɗɗen jela na tsatsa, ya ce ita ce ke yin tamar da ake haƙa a fadamun Turai. Amma wanda ya buɗe ƙofar sosai shi ne Sergei Winogradsky, haifaffen Kiev. A 1887 ya nuna cewa akwai bakteriyar da ke rayuwa da farar wuta, a 1888 ya juya kan masu cin ƙarfe, a 1890 kuma ya ware waɗanda ke mayar da fitsari da ruɓaɓɓen taki su zama gishirin da shuka ke sha, wanda shi ne kuma gishirin da ake haɗa albarushi da shi. Kafin shi an ɗauka duk mai rai ko dai ya ci wani mai rai ko ya dogara ga hasken rana. Shi ya nuna akwai masu cin ma'adini. A 1895 Martinus Beijerinck, a Delft ɗin dai, ya ware mai numfashi da salfet daga taɓon magudanar ruwa, watau mai haddasa warin ruɓaɓɓen ƙwai. Mai numfashi da tsatsa kuwa, wadda ta fi shafar ƙasarmu, ta daɗe tana ɓuya. Sai a 1987 Derek Lovley ya kama ta cikin taɓon kogin Potomac na Amurka, aka sa mata suna Geobacter. Ku duba tazarar: tsofaffin Adar sun riga sun ajiye zugazugi kafin duniya ta san sunan wadda ta taya su tara tama.

Don ku gane abin da ke faruwa cikin fadama, ku tuna da marina. Marini ya zuba baba da toka da ruwa cikin rami, ya bar su kwanaki har su ruɓa su yi kumfa. Shuni ba ya narkewa cikin ruwa haka kawai. Bakteriyar da ke cikin ramin ce ke cinye iska ta juya shi ya narke, shi ya sa in an tsamo zane yakan fito da ruwan kore-kore, sai ya sha iska sa'an nan ya koma shuɗi ya kama zare. Marinan Ƙofar Mata a Kano sun yi ɗaruruwan shekaru suna kiwon halittun da ba su taɓa gani ba, sun san lokacin da rami ya nuna da lokacin da ya mutu. To, fadama babbar marina ce, ƙarfe ne shuninta. In ruwa ya kwanta a gonar shinkafa, cikin kwana ɗaya ko biyu iskar da ke cikin laka ta ƙare. Daga nan halittun sai su bi abin numfashi daki-daki: su fara da gishirin taki, su koma kan wani ma'adini ɗan uwan ƙarfe mai suna manganis, sa'an nan tsatsa, sa'an nan salfet. Jar ƙasa ta koma toka-toka. Inda saiwar shinkafa ke fitar da 'yar iska, sai ƙarfe ya daskare a jikinta, shi ya sa in kun tuge shinkafa kukan ga saiwarta ja. In kuma kun ga wani abu mai ƙyalli bisa ruwan kududdufi kamar an zuba kananzir, ku taɓa shi da tsinke. In ya sāke haɗewa mai ne, in ya farfashe kamar gilashi aikin bakteriyar ƙarfe ne.

Manomi yana da riba a nan, yana kuma da hasara. Tsatsa tana riƙe fosfet kam, ta hana shuka. In ruwa ya kwanta bakteriya ta narkar da tsatsar, sai fosfet ya kuɓuta shinkafa ta samu. Wannan yana cikin dalilan da suka sa fadamun Kabi suka ciyar da mutane ɗaruruwan shekaru ba tare da buhun taki ba, ga kuma sabuwar laka da ambaliya ke kawowa kowace shekara. Amma in ruwa ya daɗe bai janye ba, ƙarfen da ya narke yakan yi yawa ya zama guba, ganyen shinkafa ya yi ja-ja kamar tagulla, amfani ya ragu. Matsala ce sananniya a kwarurrukan shinkafa na Afirka ta Yamma. Lafiyar fadama tana ga sauyin nan na jiƙa da bushewa.

Ga inda maganar ta shafi masu riƙe da fayil. Cikin shekaru hamsin da suka wuce mun taɓa wannan sauyi fiye da yadda kakanninmu suka taɓa shi cikin shekaru ɗari biyar. An gama madatsar Bakolori a 1978, ta Goronyo a 1984, ambaliyar da ke sauka fadamun Rima ta ragu, masu bincike kuma sun rubuta yadda noman shinkafa ya ja baya a ƙauyukan da ke ƙasa da Bakolori. A farkon shekarun 1990 shirin Fadama na Bankin Duniya ya yaɗa 'yan rijiyoyin bututu da injin ban ruwa, waɗanda suka maye gurbin jigo a gonakin albasa irin na Aliero. A watan Nuwamba na 2015 aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Bankin Nijeriya a nan Jihar Kebbi, noman rani ya bunƙasa. Alheri ne babba, ba na musu. Amma gonar da a da take shan ruwa wata huɗu ta huta wata takwas, in ta koma shan ruwa damina da rani, ma'aikatan da ke cikin lakarta sun sami sabon jadawalin aiki, kuma ba wanda ya shawarce su. Ya kamata malamin gona ya san launin ganyen da ƙarfe ya ƙona, kada ya ce wa manomi ya ƙaro taki alhali magudana gonar ke bukata.

Haka nan rijiyar burtsatse. Na taɓa tsayawa bakin wani famfo a wani ƙauye, mata na ƙorafin ruwan yana ɓata musu tuwo yana rina musu fararen kaya. Ruwan yana fitowa garau, amma in ya kwana a bokiti sai ya wayi gari ja. Wannan zanen marini ne ya sha iska. Ruwan ƙarƙashin ƙasa a wurare da yawa cikin wannan kwari yana ɗauke da narkakken ƙarfe, bakteriyar da Ehrenberg ya gani kuma tana son bakin bututu, inda ruwa ke fara haɗuwa da iska. Ta yi yauƙi, ta toshe matacin rijiya, ta ci bututun ƙarfe. Sai a ce rijiya ta ƙafe, a nemi kuɗin haƙa sabuwa, alhali wanki take bukata, da kwandon yashi da tsakuwa da zai tace ruwan bayan ya sha iska. Ƙarfen kansa ba ya kisa. Amma tsatsa ba fosfet kaɗai take riƙewa ba. A Bangaladash an haƙa miliyoyin rijiyoyin bututu tun daga shekarun 1970 don a tsere wa kwalara, sai a 1993 aka tabbatar da cewa ruwan da yawansu na ɗauke da gubar asanik. Tsatsar da ke jikin yashi ce ke riƙe da gubar, bakteriya ta narkar da tsatsar, guba ta shiga ruwa, miliyoyin mutane suka sha. Duwatsunsu dabam ne da namu, amma abin da ya cuce su shi ne haƙa ba tare da gwaji ba.

Akwai kuma abin da ke gangarowa daga gabas. Gulbin Zamfara da ke wucewa ta Jega ya ratso ƙasar da ake haƙar zinariya. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Masu wannan sana'a suna kuma amfani da zaiba wajen kama zinariya. Tun 1969 masana a Suwidin suka nuna cewa zaiba in ta kwanta cikin taɓo marar iska, ƙananan halittu kan juya ta zuwa wata siffa da ta fi muni, wadda ke taruwa cikin naman kifi ta hau har kan mai cinsa, daga baya kuma aka gane cewa masu numfashi da salfet ne kan gaba a wannan aiki. Jiha mai alfahari da kifi da shinkafa, wadda ke da jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero tun 2006, tana da dalilin ɗibar lakar gulbin nan a kai a kai tana aunawa.

Ku ɗalibai, ga aikin da ba ya bukatar kasafin kuɗi. Ku sami doguwar kwalba mai haske, ku ɗebo laka daga fadamar garinku, ku cuɗa kashi ɗaya da yagaggiyar takarda da ɗan gwaiduwar ƙwai ku zuba a ƙasa, ku cika da sauran lakar, ku ɗora ruwan fadamar a kai, ku rufe, ku ajiye bakin taga inda haske ke shiga amma rana ba ta dukanta kai tsaye. Wannan ita ce dabarar da ake kira da sunan Winogradsky. Bayan mako shida zuwa takwas ƙasan kwalbar zai yi baƙi ƙirin, domin ƙarfe ya haɗu da farar wuta, sama da shi za ku ga zane kore da zane mai ruwan jan garura, can kusa da bakin ruwa kuma jan tsatsa. Ku rubuta sunan ƙauyen da kuka ɗebo lakar da ranar da kuka ɗebo ta a jikin kowace kwalba, ku jera ta Liba kusa da ta Jega ku gwada.